Takun Farfesa Bara'u

Jamilatu na cikin juya miya ta ji dif, dif, dif daga sama. Ta saki ludayi ta haura a guje.

Tunda ta tare a flat ɗin ƙasa a unguwar Whalley Range ba ta taɓa jin takun Farfesa Bara'u, maƙwabcinta na sama, ba. Rayuwarsa ta ƙare ne a koyar da Noh a jami'a, wasan Japanawa da ake yi da fuskar katako, ana jan ƙafa ba a ɗaga diddige. Ko kicin haka yake shiga. Yau ga shi yana taku kamar kowa.

Ta same shi dafe da bango, gumi sharkaf.

"Baba, motar asibiti zan kira!"

"Kira, 'yata." Ya nuna akwatin fuskar da yake wasa da ita. "Zoe za ki ba, ɗalibata. Kar ɗana Ja'afar ya riga ki."

Da la'asar ya cika, da salati a bakinsa.

Ranar da aka binne shi, ta tarar da ɗansa Ja'afar a falon marigayin yana tura akwatin cikin baƙar leda.

"Anti, mutanenmu na Small Heath suna hanya daga Birmingham. Su shigo su ga wannan? Tun ina yaro ake ce min ɗan mai gunki. Kwandon shara zan kai shi."

"Ajiye. Amana ce."

"Ubana ne fa!"

"Uban naka, ɗan Gumel, ya hau dandamali a Kyoto, tsofaffin gwanaye suka sunkuya masa. Kai ne mai jin kunya?"

Bai saki ledar ba. Dattawan Birmingham suka yi sallama suka cika darduma. Ana shafa fatiha sai ga Zoe da sauran ɗalibai a bakin ƙofa, kowa da farar safa. Zoe ta sunkuya, ta fara ratsa falon a hankali, ƙafa na shafar ƙasa. Jamilatu ta saci kallon dattawan.

"Ikon Allah!" in ji Alhaji Habu, babbansu. "Tafiyar Bara'u ce sak! Haka yake shiga sahu, ba ka jin komai sai ka ga mutum a kafaɗarka. Sau nawa ya firgita ni!"

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya share ido da bakin riga.

Ja'afar ya daɗe yana kallon ledar. Sannan ya zaro akwatin, ya riƙe da hannu biyu, ya nufi Zoe. Diddigensa bai bar ƙasa ba. Ashe tsohon ya koya masa.

Jamilatu ta sauka ɗauko shayi. Ta tsaya a kicin da buta a hannu, ta ɗaga kai tana sauraro. Ɗalibai na ratsa falon ɗaya bayan ɗaya, silin kuwa shiru.