Bututun Yumɓu a Gwale

Shekara ta biyu ke nan ana yaƙin basasa, duk abin da a da jirgin ƙasa ke kawowa daga kudu ya yi wuyar gani a Kano, har da bututun ruwa. Mai aikin famfon da Asibi ta yi magana da shi tun kafin rikici ya bar gari, bai bar mata komai ba sai wani rami da ya fara haƙawa a bayan gida.

Asibi waina take toyawa a Gwale, tun rasuwar mai gidanta da ita take riƙe da gida. Ruwan wankin shinkafa da na makewayi duk ta rariya ɗaya suke fita, su bi lungu, su kwanta a ƙofar zauren maƙwabcinta Malam Ɗantani, inda yake karatu da manyan ɗalibansa. Malam mutum ne mai kawaici. Bai taɓa kai ƙara wurin duba-gari ba, sai dai kullum ya ƙara matsar da buzunsa ciki, har ya kusa shiga soro na biyu.

Kunya ta ishi Asibi. Ta aika aka kira mata ƙanenta Ilu, maginin tukwane.

"Ilu, wuyan tulu ba bututu ba ne?"

"Gajere ne dai, Yaya."

"To ka yi mini wuyan zalla, ka bar tulun."

Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya tafi ya gwada. Ya riƙa naɗa yumɓu a jikin taɓarya, yana buɗa baki ɗaya don wani ya shiga cikin wani. Gashin farko duk suka tsage. Ya ƙara yashi da kauri, na biyu suka fito jajur, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙara kamar ƙararrawa.

Ranar shimfiɗawa Malam Ɗantani ya rufe littafi, ya naɗe hannun riga, ɗalibansa suka kama haƙa. Aka zurfafa ramin nan na bayan gida, aka cika shi da marmara don ruwa ya riƙa tsanewa cikin ƙasa. Siminti kuwa ba a maganarsa, sai katsi, tokar rinin nan da ake shafe da ita, aka samo a marina aka liƙe gaɓoɓin.

Asibi ta ɗauko bokitin ruwan tsami ta yi bisimilla ta kwarara. Kowa ya ruga bakin rami yana jira. Shiru. Can sai ruwan ya yi wani gurnani ya dawo ta inda ya shiga, ya malale tsakar gida, ya ɗauki takalmin Malam ya nufi murhu da shi.

"Lalle ruwan nan ya san gidansu," in ji Malam, yana tsaye da ƙafa ɗaya.

Matan unguwa da suka zo kallo suka fashe da dariya daga cikin ɗaki. Ilu ya sosa ƙeya. Shi duk rayuwarsa abin da ya iya shi ne girka randa daidai don kada ta zubar, haka ya girka bututun, har ma bakin ramin ya ɗan fi tudu.

"Kai da aka ce ka kori ruwa, sai ka yi masa masauki?" Asibi ta ce.

Aka tone aka sake. Wannan karon Malam ya ciro ƙwallon goruba, duk gaɓar da aka ɗora sai ya jefa shi a ciki. In ya gangara da kansa a liƙe, in ya tsaya a ƙara kwantar da bakin. Da aka gama Asibi ta sake kwarara bokiti, ruwan ya wuce sululu, aka ji faɗawarsa cikin marmara. Ta rangaɗa guɗa, sannan ta ɗora tanda, ranar duk wanda ya taɓa laka ya ci waina da miyar taushe har ya ture.

Kafin damina ta faɗi, gida-gida a lungun ake neman Ilu. Aiki ya yi masa yawa har ya daina gina tulu, matan unguwa suka koma yi wa Asibi mita, wai ta sa tulu ya ɓace a kasuwa. Ita kuwa sai ta juya wainarta ta ce su je su yi magana da Ilu da kansu, yana can unguwar Gwammaja yana haƙa.