Wuyan Harouna

"Ni ban ce kansa ke da tauri ba," in ji Hadizatu. "Wuya na ce. Wuyansa ya sanƙare. Me ka gaya wa baturiyar har ta yi dariya?"

"Abin da kika ce, Inna," in ji Zailani.

"Ƙarya kake, Mushe. Ai ciwo ba ya ba mutum dariya."

Mushe ake kiran duk mai riƙe da alƙalami a Yamai, amma yadda ta ja kalmar sai ya tuna da shanun da fari ya kashe a bakin hanya, ƙafafu a miƙe sama. Ya kau da kai. Mijinta Harouna yana kwance a amalanke a ƙofar zangon da aka tara waɗanda yunwa ta koro daga arewa. Haɓarsa na duban sama. Ƙuda ya sauka masa a leɓe, bai kore shi ba.

Sati uku ke nan Zailani yana yi wa baturiyar, likitar zangon, tafinta. Ba ta jin Faransanci, sai Ingilishi, shi kuwa ya ce ya iya, alhali na shekara huɗu a kolej ne kawai, ya kuma faɗi jarrabawa. Jiya da aka zo kan Harouna, ya lalubi kalmar a Faransanci ya samu, ya nemi 'yar'uwarta a Ingilishi ya rasa. Kalma ɗaya gare shi, wadda ake faɗa wa dutse da busasshen burodi. Kalmar wuya ma ta ɓace masa. Sai ya ce kan mutumin ne ke da tauri. Likita ta yi dariya, ta ce mazan ko'ina haka suke, ta ba da asfirin biyu, aka kira na gaba.

Da ya koma unguwarsu Harobanda, a ƙetaren kogi, bai iya zama ba. Ya aro ƙamus wurin wani malami, ya yi ta juya shafi a tsaye. Ashe kalmomin sun fi goma. Akwai ta ƙarfe, akwai ta ƙirgin da rana ta ƙandare, akwai ta mutumin da ba ya sakin fuska, akwai ta gawa. Wadda ake faɗa wa wuya gajeruwa ce, sitif. A ƙarƙashinta aka ba da misali da sanƙarau.

Yanzu tana bakinsa, ya maimaita ta tun daga kan gada. In ya faɗe ta, likita za ta gane wa ta ɗauka aiki, kuma masu jiran kujerarsa sun fi ashirin.

"Kati ɗaya, gani ɗaya," in ji Kafaran Jibo, sojan da ke gadin ƙofa. Yana tsaye ƙiƙam, guga ta sa kakinsa kamar kwali. "An gan shi jiya."

"Fofo, Kafaran," in ji Zailani, ya gaishe shi da Zabarmanci. "Ciwon ya ƙaru."

"Da safe Laftana ya wuce, kowa ya sunkuya, wannan ya ɗaga masa haɓa. Yanzu mulkin soja ne, ba na masu taurin kai ba."

"Ɗana, sa hannu ka lanƙwasa shi," in ji Hadizatu. "In ya lanƙwasu, ka harbe ni."

Jibo ya dube ta, ya dubi wuyan. Bai taɓa ba, bai kuma matsa ba.

Zailani ya je ƙofar tanti, ya dawo. Ya sake zuwa, ya tsaya yana murza alƙalami. Daga baya ya ɗaga labule ya faɗi kalmar da ƙarfi, ya haɗa da kalmar wuya, ya nuna amalanke.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta fito da sauri, ta ture gwiwar hannun Jibo, ta sa tafi ƙarƙashin ƙeyar Harouna ta ɗaga. Kafaɗu suka taso tare da kai kamar katako guda, gwiwoyinsa suka naɗe, ya yi nishi. Ta kira a kawo allura. Sannan ta juyo wurin Zailani, ta yi magana a hankali, don kada kalma ta wuce shi. Ya ji duka. Ta ce da jiya ne da ta yi alkawarin zai tashi. Ta tambaye shi wa ya ɓoye mata wannan jiya.



Hadizatu ta kama hannun rigarsa ta ja.

"Mushe, me ta ce?"