Kumfar Gonar Malam Barau

Shekaranjiya bayan azahar Malam Barau ya kishingiɗa a zaure, sai ya yi wani mafarki.

Ga shi a gonarsa ta shinkafa a Kadawa, ruwa har ƙauri, shinkafar kuwa ta juye, saiwa a sama, zangarniya cikin laka. Ko a jikinsa. Hankalinsa na kan kumfar da ke tasowa daga inda karan bara ke ruɓewa. Duk wadda ta fashe sai muryar marigayiya Hansai, matarsa, ta fito. Wata ta ce ya sa malafa. Wata ta tambayi wanda ya bar akuya a sake.

Ranar da Hansai ta rasu yana nan yana ban ruwa. An ce ta aika a kira shi, tana da magana, kafin ya iso ta cika. Maganar nan yake jira, kuma kewa ta ishe shi.

Sai ga balbela cikin rigar malamin gona, a kan keke mai tafiya da baya. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ruwan da ya daɗe kwance a gona yana hana laka numfashi, ruɓaɓɓen kara ya riƙa fitar da wata iska da ake kira miten. Iskar ta hau sama ta haɗu da gyatsar shanu, su shimfiɗu kamar bargo, zafi ya rasa hanyar fita. Kowa ya janye ruwansa na 'yan kwanaki, saura shi kaɗai.

Malam Barau dai, in ya kafe, ko jaki sai ya sara masa. Ya ce zai duba.

Sai ga shi a kasuwa. Sama ta sauko har mutane na tafiya a sunkuye. Kaji na saka dafaffen ƙwai. Inuwoyi sun tattara kayansu sun bar gindin itatuwa, suna jiran mota a tasha. Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya gaishe shi kuma, wannan ya fi masa ciwo.

Sai ga shi a gona. Ƙarƙashin laka wata kumfa mai girman tulu tana motsi. Jikinsa ya ba shi ita ce mai ɗauke da maganar Hansai.

"Baba, in wannan ta fito, rijiyoyin gari za su ƙafe," in ji balbela.

"Ku yi mini haƙuri zuwa la'asar."

"La'asar ta narke tun jiya."

Sai ya durƙusa, ya zare buhun yashin da ya toshe magudana. Ruwa ya kama hanya ya haye tudu. Laka ta bushe, ta tsattsage, kumfar ta motse ta koma ciki. Ya kara kunne a tsagar. Shekara talatin kunya ba ta bar shi ya kira sunan matarsa ba.

"Hansai, ina jin ki."

Ba a ce komai ba.

Ƙarar ludayi a bakin tukunya ce ta tashe shi. Bayan katanga, matar maƙwabcinsa na ce wa mijinta, "Malam, tuwo zai huce."

Malam Barau ya amsa da "na'am" kafin ya tuna.