Aljihun Hagu

Shekara da shekaru Mai Tuta yana tsayuwa a gindin injin ɗaga kaya a wajen gini, yana gaya wa direban da ke can sama inda zai sauke ƙarfe. An daina amfani da tuta tun zuwan oba-oba, amma sunan ya ƙi sauka. Ita kuwa oba-obar, gidanta aljihun ƙirjinsa na hagu, eriyarta tana sosa masa gemu.

Sai zuciyarsa ta fara halin ma'aikacin da ya kusa ritaya, yau ta zo da wuri, gobe ta makara. Likita ya dasa masa 'yar na'ura mai daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fata, daidai bayan wannan aljihun.

"Duk sanda ka danna oba-oba, sigina take fitarwa, kuma tana iya rikita na'urar," in ji likita. "Ka riƙe ta da hannun dama, nesa da ƙirji fiye da tsawon tafin hannu. Aljihun nan kuwa, ku yi sallama."

Manajan ginin ya fi likita taƙaitawa. "Baba, muna son ka. Amma ranar da na ga abin nan a ƙirjinka, gadin ƙofa za ka koma."

Gadin ƙofa! Mutumin da ke magana ƙarfe ya tsaya cak a sama, ya koma buɗe wa motar yashi ƙyaure.

Ranar komawa aiki ya saka riga, ya ji aljihun a toshe, an bi bakinsa da zare har layi biyu.

"Wa ya taɓa mini riga?"

"Ɓeraye ne, Maigida," in ji matarsa. "Sun koyi ɗinki."

"Ba na ce miki na ji likita ba?"

"Kunnenka ya ji. Hannun naka yana wurin aka yi bayanin?"

Ta miƙa masa bel. A gefen dama ta ɗinka jakar fata, da igiyar da zai ɗaura wa oba-oba. Ya karɓa yana gunaguni, don dai a san akwai maigida a gidan.

Da hantsi aka ɗaga babban ƙarfe. Manaja ya zo ya tsaya a inuwa, wai siminti yake dubawa.

"Dama kaɗan," Mai Tuta ya ce wa direba ta oba-oba. "Na ce kaɗan, ba gidan surukanka na aike ka ba!"

"Baba ya dawo!" direba ya yi ihu ta oba-oba. "An ce batir aka sa maka. In ya mutu mu tura ka?"

"Sauke. A hankali. Tsaya!"

Ƙarfe ya zauna daram. Daɗi ya kama Mai Tuta, hannunsa kuwa ya kama tsohuwar hanya, ya nufi ƙirji ya saki oba-oba a aljihun da babu. Ta zame ta yi ƙasa, igiya ta cafke ta, ta tsaya tana lilo a gwiwarsa.

Ya ɗago. Manaja ya daina duba siminti. Ya matso, ya dubi ɗinkin, ya ja igiyar ya ji ƙarfinta.

"Aikin waye wannan?"

"Ɓeraye."

"To ka gaishe su. Sauran rigunan fa?"

"Duk sun bi ta kansu, har ta barci."

"Madalla. Ci gaba da aikinka."

Mai Tuta ya jawo igiyar, ya riƙe oba-oba da dama, can nesa da ƙirji, ya danna.

"Kai na sama, barci kake? Kawo na gaba."