Rabon Kyanwa

Da likita ya raba Direba da shinkafa da burodi da taliya saboda ciwon suga, bai yi gardama ba. Ya ce wanda ya tuƙa bas har gemunsa ya yi fari ya saba tsayawa inda aka ce tsaya. Amma da ya zame a banɗaki ya karya tsintsiyar hannu, aka ce ƙasusuwansa sun yi rauni, aka haɗo shi da ƙwayar kalsiyam, sai ya ƙi ƙememe. Fara ce, doguwa, ta kusa kai yatsan jariri.

"Wannan ai alli ne," in ji shi. "A kai wa malaman makaranta."

Tsoron nasa yana da asali. A farkon aurensu ƙayar kifi ta taɓa maƙale masa a wuya har idanunsa suka firfito, amaryarsa tana dukan bayansa tana kuka. Tun daga ranar maƙogwaronsa ya daina yarda da baƙo, ita kuma ba ta sake barin kifi ya isa gabansa ba sai ta tsince shi tsaf. Gimbiya yake ce mata. Ba mace ce mai daɗin baki ba. Duk abin da wasu matan ke faɗa da baki, ita a tsintar ƙaya take faɗarsa.

Da hannun ya ƙi saurin warkewa, sai ya lallaɓa wurin mai kemis na bakin titi.

"Ɗana, ba ku da ƙanwar wannan?"

"Akwai ta taunawa, Baba, amma irin da nake da ita da sukari. Akwai ƙanana, sai dai za ka riƙa shan da yawa."

"Na guje wa giwa ka haɗa ni da garken awaki?"

Mai kemis ya yi dariya, ya ce abinci ma yana taimakawa, amma a shaida wa likita: yogot marar sukari, cuku, riɗi, ganye, sai kifin gwangwani.

"Kifin gwangwani? Ai kusan kullum shi nake ci!"

"Da ƙayarsa?"

Direba ya girgiza kai.

"Ai amfanin yana cikin ƙayar, Baba. Ta dahu luguf, ko marar haƙori zai iya da ita."

Ya dawo gida yana tafe yana saƙe-saƙe. Ya tarar da Gimbiya a kicin, tabarau a kan hanci, ta tsaga kifin gwangwani gida biyu tana zare ƙashin bayansa da bakin wuƙa kamar mai aikin tiyata. Tana tara ƙayar a ɗan faranti, kyanwar gidan na zaune a gindinta tana jira. Sai yanzu ya lura da kyanwar nan: tsohuwa tukuf, amma daga ƙasa take tsalle ta dira kan firij ba ko nishi. Ashe ita ke shanye masa magani.

Ta yaya za ka ce wa mace ta daina abin da ta tsufa tana yi dominka? Da ta ajiye ɗan farantin a ƙasa ta juya neman gishiri, sai ya sunkuya ya miƙa hannunsa mai lafiya zai ɗauke. Kyanwa ta riga shi ɗora ƙafa. Ya ja farantin, kyanwar ta yi masa gurnani, ya ce mata "Ke, kauce!" a hankali.

"Malam! Me zan gani haka? Da kyanwa kake rabon abinci?"

Ya miƙe, faranti a hannu, kamar wanda aka kama yana tuƙi ba lasisi. Ba hanyar kwana, sai ya kwashe duk abin da mai kemis ya ce ya faɗa mata.

Ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin zani.

"To aikin banza na yi ke nan, shekara da shekaru."

"Haba Gimbiya. Kifin da ya kusa kashe ni daban, wannan daban. Da ba ki riƙa tsince min irin wancan ba, da wa zai tsufa har ƙashinsa ya lalace? Ke kika jawo min tsufan nan."

"Ji bakinsa. Ba ni nan."

Ta karɓe farantin, ta dube shi, ta dubi kyanwa, ta mayar mata da kayanta tunda ta riga ta sa ƙafa. Ta buɗe sabon gwangwani, ta juye, ta ɗauki cokali ta shiga murƙushe kifin da ƙayarsa. Ta daɗe tana yi. Tana murza shi tsakanin yatsu tana lalube, in ta ji abu mai ɗan tauri ta sake dannewa. Ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa riɗi, ta tura masa.

"Ci a gabana. In ka shaƙe, ni ba zan daki bayanka ba, kafaɗata ciwo take."

Ya ɗebi loma ɗaya, ya rufe ido, ya haɗiye. Ta wuce salin-alin. Da ya buɗe ido sai ya ga ta riga ta zagayo bayansa, hannunta a ɗage.