Muryar Delou a Cikin Kwandon Tumatir

Kun gan ta. Kada wanda ya ce mini bai gan ta ba. In kun taɓa bi ta layukan unguwar Nasim da safe, kun ga wani baƙin hannu ya leƙo ta ƙofar baya ya ajiye ledar shara ya koma, aka murɗa makulli. Kun san hannun namu ne. Kuka ƙara wa mota wuta, kuka ce kowa da abin da ya kawo shi Riyad. Talle ma haka ya yi wata takwas cur, shi da yake shiga har cikin kicin ɗin.

Talle mutumin Tasawa ne, direban 'yar motar kaya a kasuwar kayan gwari ta Aziziya. Kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, dillalin tumatir ne. Duk Asabar da Talata yakan tura Talle ya kai kwanduna gidan yayar kafilin a Nasim, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. A gidan nan Delou take aiki. Mama ce ke buɗe ƙofar baya da kanta, ta tsaya da makulli a hannu har a sauke kaya. Ba ta jin Hausa, shi ya sa ta hana a yi ta a gabanta. Tsakanin Talle da Delou sai sallama, ita ma ƙasa-ƙasa.

Wata rana yana sauke fankon kwandunan da ya kwaso daga gidan Mama ya tarar da 'yar na'urar waƙa, irin mai kamar ashana, an naɗe ta a tsohuwar jarida a gindin kwando. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya san abin da ake nufi, ko kuma ya ɗauka ya sani. Duk wanda ya ba ka irin wannan a garin nan, waƙa yake so a zuba masa. Ya kai wa Dawuda mai kwamfuta, Dawuda ya yi yadda yake yi wa kowa: ya goge ta tas, ya cika ta da waƙoƙin gida. Talle ya mayar ta cikin kwando. Bayan mako biyu ta sake dawowa, aka sake gogewa, aka sake cikawa. Talle har yana jin daɗin kansa, wai yana yi wa 'yar uwa zumunci.

Ranar Talatar nan ta dawo karo na uku. Ya jefa ta aljihu, sai Juma'a.

Juma'a kuwa ranar ɗakin Saidou ce. Saidou dattijo ne ɗan Damagaram, yana da 'yar rumfar shayi da tuwo a bayan kasuwa, da wani ɗaki a ciki inda ake ajiye buhunan albasa. Daga la'asar zuwa magariba mutanenmu kan taru a nan, kamar su ashirin, a ja ƙofa, a rage sauti don kada makwabta su ji. Sifika ɗaya ce, igiya ɗaya. Kowa ya zo da wayarsa ko 'yar na'urarsa, a bi layi, mutum ya sa waƙa uku ya miƙa wa na gaba. Doka ɗaya Saidou ya kafa tun wata rana da 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram suka kusa ba hammata iska: ba a yanke wa mutum abin da ya sa. Ko kukan jaki ne, sai ya ƙare.

Da layi ya zo kan Talle, wayarsa ba caji. Ya laluba aljihu ya fito da ta Delou.

Dawuda, wanda shi ke riƙe da igiyar, ya kwashe da dariya. “Jama'a, ga angon kwando! Ta sake aikowa? Talle, yarinyar nan ba sauraron waƙa take yi ba, cinye ta take yi da shinkafa.”

“Sa mini kawai, mai baki kamar rediyo.”

“Ai duk ni na zuba su, na san na farko. Ku shirya kafaɗa.”

Ya jona. Ba kiɗa. Sai ƙarar famfo yana zuba cikin bokiti. Wani ya ce ta lalace. Sannan murya ta fito, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya kusa da baki sosai.

“Salamu alaikum. Yaya Talle, ni ce Delou, ta gidan Mama. Na kunna famfo ne kada a ji ni. Wannan na uku ke nan nake yi maka magana a cikin abin nan. Biyun farko ka maido mini da waƙoƙi. Na saurara, sun yi daɗi, na gode. Amma ba waƙa nake so ba.”

Dawuda ya saki igiyar kamar ta ƙona shi.

Saidou ya miƙe. “Dawuda, kashe.”

“Baba…”

“Na ce ka kashe. Wannan ba ta ɗakin nan ba ce.”

Talle bai san lokacin da ya dafe sifikar da tafin hannunsa ba. “Layina ne, Baba Saidou.”

“Layin waƙa aka ce.”

“Ka ce ko kukan jaki ne sai ya ƙare. Kai ka faɗa, a nan, a kan buhun nan. To wannan mutum ce.”

Muryar ta ci gaba, ba ta san ana gardama a kanta ba. Ta ce ita 'yar Gazawa ce. Ranar da ta sauka aka karɓe wayarta da fasfo, wannan 'yar abar ce kawai aka bar mata don an ɗauka ba ta komai sai kiɗa. Ba ta iya rubutu ba, da ta sa takarda. Tafasasshen mai ya zubo mata a hannu tun kafin azumi, ba a kai ta asibiti ba, yanzu wurin yana ruwa, da dare zazzaɓi. Aka ji tana jan hanci.

“Na fara jin Larabcinsu. Na ji Mama tana waya da ɗanta. Ranar Lahadi zai zo ya tafi da ni gonarsa, can arewa, wai babu gari kusa. Yaya Talle, in aka kai ni can babu mai kawo tumatir. Ba ni da wani kwando. Don Allah ka gaya wa wani babba.”

Famfon ya ɗauke. Sai kiɗan farko da Dawuda ya zuba ya ɓarke da ganga, Dawuda ya yi wuf ya zare igiyar. Wannan karon ba wanda ya ambaci doka.

Sau biyu, Talle ke ta faɗa a ransa. Sau biyu ta shiga banɗaki ta kunna famfo, sau biyu shi ya ɗauki kukanta ya kai an goge, ya mayar mata da ganga.

Almustafa ne ya fara magana, wani ɗalibin jami'a ɗan Sakkwato da ke zuwa cin tuwo duk Juma'a. Ya ce gobe Asabar ofisoshi za su buɗe, don a lokacin Asabar ce farkon makon aiki a garin nan, zai iya rubuta ƙara da Larabci a kai ofishin jakadancin ƙasarta tare da na'urar. Amma takarda tana ɗaukar kwanaki, Lahadi kuwa jibi ce. “In dai ta taka ƙafarta ta shiga ƙofar ofishin, suna da wurin ajiye mata. Shigar ce aikin.”

“Wa zai kai ta?” in ji Saidou. Bai ɗaga murya ba. “Malam, kai jami'a ta kawo ka, ita za ta tsaya maka. Mu fa? Shekarata ashirin da biyu a garin nan. In aka ce daga ɗakina aka shirya gudun 'yar aiki, rufe ni za a yi. Dubi waɗanda ke zaune. Nawa ne iƙamarsu ta mutu? Kana so a zo a kwashe su saboda mutum ɗaya?”

Mutane suka sunkuyar da kai. Wani ya ce Allah ya kawo mata mafita, wasu suka ce amin da ƙarfi, irin amin ɗin da ake yi don a rufe magana. Mutum biyu suka tuna suna da uzuri, suka sulale.

Saidou ya juyo kan Talle. “Kai kuma ɗana, gidan yayar kafilinka ne. Ka san me zai biyo baya. Uwarka tana Tasawa tana jiran abin da kake aikawa.”

Talle ya sani. Ya ga jirgi, ya ga kansa a tashar Maraɗi da jaka ɗaya.

“Kuma ko ka yarda,” in ji Dawuda, “mace ita kaɗai a mota da ƙato ba muharraminta ba? Kafin ka fita Nasim an tsayar da kai.”

Sai aka ɗaga labulen da ke tsakanin ɗakin da murhu. Gogo ce, tsohuwar da ke tuƙa wa Saidou tuwo, muciya a hannunta. Ba ta taɓa sa baki a zaman Juma'a ba.

“Ni zan zauna kusa da ita. In an tambaya, uwarta ce ni.” Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. “Maza ashirin. Kowane mako kuna nan kuna kaɗa kai, waƙa tana kiran sunan garinku kuna share hawaye. Yau garin naku ya kira ku da bakinsa, kun zama kurame. Talle, ƙarfe nawa kake tashi?”

“Bakwai, Gogo.”

“To ka biyo ta nan.”

Da safe suka ɗauki hanya su uku, Gogo a gaba cikin baƙar abaya, Almustafa a matse jikin ƙofa da takardarsa a aljihu. Suka sauke Almustafa a bakin layi don kada a ga maza biyu. Talle ya juya motar ya sa bayanta daf da ƙofar, ya bar injin a kunne. Ya danna ƙararrawa.

Mama ta buɗe, makulli a hannu. Ta dubi motar. “Wace ce waccan?”

“Innata ce, Mama. Asibiti zan kai ta.”

“Yalla, yi sauri.”

Delou tana tsaye bakin wurin wanke-wanke, hannun hagu naɗe da tsumma. Ta dubi kwandon farko, ta dubi fuskarsa. Ya wuce ta ya ajiye, ya ce kamar mai sallama, “Na ji. Kwando na uku.”

“Ban ce ba a yin wannan yaren a gidana ba?” in ji Mama.

“Gaisuwa ce, Mama.”

Ya kawo na biyu. Na uku shi ne babba. Ya ɗauko shi, ya zo daidai bakin ƙofa, tsakanin Mama da waje, ya sake shi. Tumatir suka watse ko'ina, ƙarƙashin firji, ƙarƙashin ƙafar Mama. Kwandon ya tokare ƙofar. Mama ta ja da baya tana zagi, tana ɗage zaninta.

Delou ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallon hasken waje kamar ba ta san me ake yi da shi ba. Wata takwas ba ta tsallake wannan dokin ƙofar ba.

Daga cikin mota Gogo ta kira, da irin muryar da ake kiran yara cin abinci. “Delou! 'Yar nan, taho mana, rana tana yi.”

Ta taho. Ta taka tumatir da ƙafa ba takalmi, ta tsallake kwandon. Gogo ta jawo ta ciki ta lulluɓa mata abayar da ta zo da ita. Mama ta kama rigar Talle tana kiran ɗanta a waya da ɗaya hannun. Ya zame, rigar ta yage, ya faɗa mota. Suka ɗauki Almustafa a bakin layi. Can suka hango tutar ofishin. A nan ne Delou ta ce, ba ta dubi kowa ba, “Ashe ka ji.”

“Sai a na uku,” in ji Talle.

An karɓe ta. A ranar aka kai ta asibiti, likita ya ce da an ƙara mako guda da hannun ya tafi. Na'urar da takardar Almustafa suka zama shaida. Talle kuwa ya kwana tara a tsare, kafilinsa ya soke iƙamarsa, aka sa shi a jirgi da yagaggiyar rigarsa a jaka. Ɗakin Saidou ba a rufe shi ba. Har yau ana taruwa, ana bin layi. Abu ɗaya ya sauya: Dawuda ba ya goge na'urar kowa sai ya saurari abin da ke ciki.

Wannan bai isa ba, kuma kun sani. Ku direbobi, ku masu kai gas da ruwa, ku ɗalibai masu Larabci a baki, kowannenku ya san wata ƙofar baya. Gobe in kun isa wurin, ku kashe kiɗan motar. Ku tambayi sunanta da sunan garinsu. Ku tambaye ta ko wayarta tana hannunta. In ta girgiza kai, ku rubuta sunan da lambar gidan, ku kai ofishin jakadanci da ƙafarku a ranar, ba ranar Juma'a ba, ba bayan kun sha shayi ba. Ku tashi ku je.