Akwati na Bakwai

Ranar Litinin Ƙararrawa ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Mama, wai ina ne inda muka fito?"

Maman tana tsaye tana goge farar rigarta ta aikin kemis. Ta jingine dutsen gugar. "Wa ya ce miki mun fito daga wani wuri?"

"Wani yaro a ajinmu. Wai mu koma inda muka fito. Na ce masa daga layin bayan asibiti muka fito, sai ya yi ta dariya."

Shekarun yarinyar bakwai. Kakanta mai gyaran agogo ne ya laƙaba mata Ƙararrawa tun tana jinjira, don ba ta taɓa barin kowa ya makara a gidan ba. Bara ya rasu. A cikin jakarta ranar akwai takarda daga makaranta: ranar Juma'a za a kai 'yan ajinsu gidan tarihi, su ga ɗakin waɗanda suka shigo garin daga wasu ƙasashe.

Maman Ƙararrawa ta san ɗakin. Ƙaramar hukuma ce ta ɗauki nauyin kafa shi shekara uku da suka wuce. Tsofaffin akwatuna goma sha biyu ne jere, kowanne a kan kantarsa. Kana ɗaga murfi sai muryar mai akwatin ta fara magana, ga kuma 'yan kayan da ya shigo garin da su a kwance a ciki. Na bakwai na babanta ne. Hotonsa na manne a murfin, kuma duk wanda ya ga kunnuwan nan ya ga na Ƙararrawa, ba sai an yi masa bayani ba. A ciki tsohon ya faɗi yadda ya yi wata biyu yana kwana a ƙarƙashin gada, da ranar da aka kifar masa da teburin agogo a kwata aka ce ya koma inda ya fito. A nan muryarsa take karyewa.

Yara talatin za su ji wannan. Har da yaron.

"To ki hana ta zuwa mana," in ji mijinta.

"Ita ta ƙi zuwa, shi ya je ya kwaso ya kawo mata ranar Litinin? Ai an gudu ke nan ba a tsira ba."

Ranar Laraba ta roƙi awa ɗaya a wurin aiki ta nufi gidan tarihi. Mai kula da ɗakin tsohuwar malamar makaranta ce, gajeriya, da tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi. Yara suna kiranta Uwar Akwati, ita ma ta daɗe da amsawa. Maman Ƙararrawa ta same ta tana riƙe tsani ga mai gyaran wutarsu, wanda kowa ke kira Injiniya.

Maman Ƙararrawa ta zo da shirin faɗa, don ta karɓe akwatin babanta. Tun a hanya ta jera maganganunta, har da takardar da ta sa wa hannu a matsayin magajiya. Ba ta kai rabi ba Uwar Akwati ta ɗaga kai.

"Injiniya, sauko ka cire wayar na bakwai."

"Na bakwai? Haba Anti! Gobe fa kwamiti. Shi ne mai sa manyan mutane laluben hankici. Ki ba ta na huɗu mana, wancan mai surutun awaki."

"Sauko, na ce."

A nan Maman Ƙararrawa ta ji abin da ba ta sani ba. Gobe kwamitin ƙaramar hukuma zai zo ya duba ko za a ci gaba da ɗaukar nauyin ɗakin, ko a mayar da shi ma'ajiyar kujeru. Shugaban kwamitin kuwa wani kansila ne da ake kira Jan Biro, don abin da ya soke ya fi abin da ya sa wa hannu yawa.

Ta ce, "Anti, ban sani ba. In ya so a bar shi ya kwana, jibi da sassafe na zo na ɗauka kafin yaran su iso."

"A'a, 'yata. Nauyina kika ji, ba ra'ayi kika sake ba. Ba zan nuna wa baƙi hawayen babanki don a sa mini hannu a takarda ba, alhali na san abin da ke ranki. Aro muka yi, mai abu ya zo."

Ta zare ɗan katin da muryar ke ciki ta sa a ambulan. Sannan ta ɗauko wani ƙaramin agogon aljihu daga cikin akwatin, ta ɗora shi a tafin hannun Maman Ƙararrawa.

"Wannan kan, ki murɗa shi sau goma sha biyu kowace safiya. Kada ki wuce. Shi ya koya mini, ya ce in na wuce zan tsinka masa hanji."

Maman Ƙararrawa ta duba agogon, ta duba wayarta. Daidai suke, ko minti ɗaya babu tsakani. Shekara guda ke nan da binne mai shi.

Da la'asar yarinyar ta shigo ta ga akwatin a tsakar ɗaki. "Akwatin Kaka!" Ta durƙusa ta ɗaga murfin, ta karkata kai tana jira. Shiru. Ta rufe ta sake buɗewa.

"Ina maganar?"

"Tana cikin ambulan."

Ƙararrawa ta daɗe tana kallon hoton. "Mama, shi ma sun ce ya koma inda ya fito?"

"A'a. Ni na ɗauko shi."

"Me ya yi?"

Maman ta sauke murfin akwatin. Ita da ta fita don ta tare wa 'yarta jifa, sai ga shi ta koya mata da hannunta cewa kakanta abin ɓoyewa ne.

Washegari ta murɗa kan agogon sau goma sha biyu tana ƙirgawa a fili. Ta kai yarinyar makaranta, ta kira wurin aiki ta ce za ta makara, ta tare tasi ta rungume akwatin a cinya.

Ta tarar kwamiti ya riga ta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Mutum biyar ne, Jan Biro a gaba da fayil a hammata, ana ta ja-in-ja a gaban wani sabon abu da ita ba ta lura da shi ba jiya saboda ɓacin rai: wata ƙatuwar taswira a bango, an kafa mata ƙananan ƙusoshi, zare kala-kala ya taso daga ko'ina ya haɗu a ƙusa ɗaya, kamar saƙar gizo.

"Dokar ɗakin ce, ranka ya daɗe," in ji Uwar Akwati, tana miƙa masa zare. "Ba a buɗe akwatin wani sai ka ɗaura naka. Daga inda kakanninka suka taso, zuwa nan."

"Malama, ni ɗan gari ne gaba da baya. A nan aka yanke cibiyar ubana."

"Madalla. Kakarka ta wajen uwa fa?"

Wata mata a cikin kwamitin ta tuntsire da dariya. "Faɗa mata mana, Shugaba. Ko in faɗa? Tsohuwar da har ta rasu in ta fusata ba mai gane zaginta?"

"Ke dai ba a sirri da ke." Ya karɓi zaren yana ƙunƙuni, ya laluba taswirar da yatsa har can gefe, ya yi ɗage ya ɗaura. Sai da ya ja zaren ya kawo shi tsakiya, ya ɗan tsaya yana kallon tsawonsa.

Suka bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso gurbin da ba kowa, Jan Biro ya zaro biron.

"A takarda goma sha biyu ne. Ni goma sha ɗaya nake gani."

"Mai shi ya karɓa."

"Wane ne? Me ya sa?"

"Wannan tsakanina da shi ne."

"Malama, hukuma ta biya na goma sha biyu."

"Ta biya kuɗin kanta goma sha biyu da waya goma sha biyu, ga su nan ka ƙirga. Muryoyin ba a saya ba, ranka ya daɗe. Ranar da na hana mutum ɗaya ɗaukar tasa, ba mai sake ba ni."

Ta faɗi haka ba ɗaga murya, hannuwanta a baya, kamar mai gyara wa ɗalibi lissafi. Injiniya ya dafe kai a lungu. Biron ya sauka kan takarda.

Maman Ƙararrawa ta yi sallama ta shiga.

"Ni ce mai shi," ta ce. "Jiya na karɓa. Ta san za ku zo, na ce a bari sai kun tafi, ta ƙi. Yau na dawo da shi, ba wanda ya aiko ni."

Uwar Akwati ta sa tabarau ta dube ta da kyau. "Kin tabbata, 'yata? Ba don waɗannan ba?"

"Don gobe ne, Anti. Yaran ma sai sun ɗaura zaren kafin su buɗe?"

"Har malaminsu."

"To a mayar da shi."

Injiniya bai jira a ce masa ba, ya mayar da wayar da katin. Jan Biro da kansa ya ɗaga murfin, ya tsaya har tsohon ya gama, har wurin da muryar ke karyewa da abin da ya biyo baya, inda ya ce ya tsince agogunan daga kwata ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, bakwai cikin tara suka tashi. Kansilan bai nemi hankici ba. Ya dai duƙa ya duba agogon aljihun, ya duba na hannunsa, ya ce, "Nawa ne ya yi latti." Ya gyara nasa, ya rubuta wani abu da ba wanda ya gani.

Sai bayan mako uku takarda ta zo: shekara ɗaya aka ba su, ba ukun da suka nema ba. Uwar Akwati ta ce ba laifi, ta manna ta a bayan ƙofa.

Amma ranar Juma'ar nan Maman Ƙararrawa ba ta san da wannan ba, ba shi ne a ranta ba kuma. Ta sake roƙon awa ɗaya, ta laɓe a bayan ƙofa da rigar aikinta. Yara suka yi layi a gaban taswira, ana ta "namu ya fi naku nisa". Zaren malaminsu sai da aka ƙulla masa wani kafin ya kai. Yaron nan da ya ce su koma inda suka fito, da aka zo kansa, ya ce shi bai sani ba. Uwar Akwati ba ta matsa masa ba. Ta naɗe zare ta sa masa a aljihu ta ce, "Je ka tambayi kakarka, ƙusarka tana nan tana jiranka."

Da aka iso na bakwai, Ƙararrawa ta kutsa ta tsaya a gabansa, ta ɗora hannu a kan murfin.

"Wannan kakana ne," ta ce. "Akwai wurin da zai yi kuka. Duk wanda ya yi dariya, ni da shi ne. Ku bari ya gama, ƙarshen ya fi daɗi."

Ta ɗaga murfin. Maman ta tsaya har ta ji an kai wurin agogo bakwai ɗin, sannan ta juya a hankali ta fita neman tasi.